Ruwan famfo a tankin kifin teku: maganin kulorin, na'urar RO/DI ko ruwan saye?

Ruwan da ya cika sharuɗɗan sha ba lallai ne ya dace da tankin kifin teku ba, domin an tsara waɗannan sharuɗɗa ne don jikin ɗan'adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda ruwan sha ya ɗauki kulorin har miligiram 5 a kowace lita, naitiret har miligiram 50, jan ƙarfe kuma har miligiram 2. To amma masu kiwon kifin teku suna amfani da jan ƙarfe a matsayin maganin ƙwayoyin cuta a kan miligiram 0.15 zuwa 0.20 kacal a lita, kuma wannan ɗan adadin ya isa ya kashe jatan lande, ƙaguwa, katantanwa da murjani, wato halittun teku masu rai da ke gina duwatsu. Ke nan ruwa zai iya wuce gwajin sha lami lafiya alhali yana ɗauke da ninki goma na abin da ke hallaka su.

Kulorin shi ne abin da kowa ke fara tsoro, kuma shi ne mafi sauƙin magancewa. Matsalar da ke cin mutane a hankali ita ce abin da ke taruwa. Ruwan tanki yana ƙafewa kullum, amma gishiri da duk abin da ya narke a ciki ba sa bin tururi, kamar farin dattin nan da ke mannewa a gindin tukunyar da ake yawan tafasa ruwa a ciki. A ɗauki tanki mai lita 200 da ke rasa lita 3 a rana. A shekara za a cike gurbin lita 1,095, wato fiye da ninki biyar na girman tankin. Idan ruwan famfon na da fosfet miligiram 1 a lita, wanda ba abin mamaki ba ne tunda wasu hukumomin ruwa da kansu suke zuba shi don hana bututu tsatsa, an shigar da abin da ya kai miligiram 5 da rabi a kowace litar tankin. Tankin murjani kuwa ana son fosfet ɗinsa ya tsaya tsakanin 0.03 da 0.1. Saboda haka tambayar da za a yi wa kowace hanya ita ce: tana cire abin daga ruwan ne, ko tana kashe masa kaifi kawai ta bar shi a ciki?

Fara sanin ruwanka

Kafin a sayi komai, gwaji huɗu sun isa su nuna inda aka dosa. Na farko shi ne TDS, wato jimillar abin da ya narke a ruwa, wanda ake aunawa da ƙaramar na'ura mai kama da alƙalami. Lambar ba ta faɗin mene ne a ciki, amma tana nuna nauyin aikin da matata za ta yi. Na biyu shi ne kulorin, kuma dole a auna iri biyu: sakakken kulorin da jimillar kulorin. Idan jimillar ta fi sakakken da yawa, kuloramin ne a ruwan, wato kulorin da aka haɗa da amoniya don ya daɗe a bututu. Na uku fosfet da naitiret. Na huɗu jan ƙarfe, kuma a gwada shi sau biyu: ruwan farko da ya kwana a bututu, da wanda ya zo bayan famfo ya yi minti biyu ko uku yana zuba. Gidan da ke da bututun jan ƙarfe ko mahaɗan tagulla yakan nuna bambanci a fili. Kada a taɓa ɗiba daga ɓangaren ruwan zafi, don zafi yana ƙara narkar da ƙarfen bututu.

Sakamakon yau ba hujja ba ne na wata shida masu zuwa. Ruwan famfo yana canzawa da yanayi, kuma hukumomi kan ƙara kulorin bayan gyaran bututu ko ruwan sama mai yawa ba tare da kowa ya ji labari ba.

Hanyoyin da ba sa kaiwa ko'ina

Barin ruwa ya kwana a bokiti da iska tana kaɗa shi yana korar sakakken kulorin cikin kwana ɗaya ko biyu. Kuloramin kuwa zai iya yin makonni bai tafi ba, fosfet da naitiret da jan ƙarfe kuma ko motsi ba sa yi. Tafasawa ta fi muni, tunda ruwa ke raguwa datti na ƙara kauri. Matatar gawayi ita kaɗai tana cire kulorin, wari da wasu magungunan gona, amma lambar TDS tana nan yadda take. Na'urar laushin ruwa da ake sa wa gidaje musanya kawai take yi, ta karɓi kalsiyam da maganiziyam ta ba da sodiyam, naitiret da fosfet su wuce abinsu.

Maganin kulorin na kwalba

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma tana da gurbinta na gaskiya. Yawancin magungunan an gina su ne a kan sodiyam tayosalfet ko danginsa, suna mai da kulorin ya zama kulorayid marar illa cikin mintoci. Ma'aunin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Seachem Prime, alal misali, mililita 5 ne ga lita 200. A zuba maganin a ruwan tun yana ganga, a juya, sannan a sa gishiri. Zuba fiye da kima yana rage iskar da kifi ke shaƙa a ruwa, don haka a auna da sirinji, kada a yi ta ƙiyasi da ido.

Inda ake samun cikas shi ne kuloramin. Tayosalfet zalla yana raba kulorin da amoniya, ya kashe kulorin, ya saki amoniyar a ruwa. Kuloramin miligiram 2 a lita yana barin amoniya kusan rabin miligiram. Idan an canza kashi 20 cikin 100 na ruwan tanki, amoniyar da za ta bazu a ciki ta kai kusan 0.1. Tsohon tanki mai wadatar ƙwayoyin bakteriya masu cin amoniya zai shanye wannan cikin sa'o'i, sabon tanki kuwa ba zai iya ba. Ga kuma ƙarin haɗari: ruwan teku yana kan pH (ma'aunin tsamin ruwa) 8.1 zuwa 8.3, kuma a nan kason amoniya mai guba ya ninka na pH 7 fiye da sau goma. Don haka mai kuloramin a ruwansa ya nemi maganin da aka rubuta a jikinsa cewa yana ɗaure amoniya. Ya kuma sani cewa wasu kayan gwajin amoniya, musamman irin na Nessler, suna ba da sakamakon ƙarya idan akwai irin wannan magani a ruwan.

Sai batun gishirin haɗi, wato garin da ake narkarwa don a haɗa ruwan teku a gida. Kamfanoni suna haɗa shi ne bisa cewa za a narkar da shi a ruwan da babu komai a cikinsa, ya ba da kalsiyam wajen miligiram 420 a lita da alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH gwargwadon irinsa. Idan gishirin na ba da dKH 8, ruwan famfon kuma ya zo da nasa 10, an tashi da 18. Shi ya sa wani kan ga ruwan haɗinsa ya yi fari kamar an zuba alli, washegari kuma ya tarar da farin gari a gindin ganga da jikin hita. Kalsiyam ne ya haɗu da kabonet ya faɗo, kuma ba zai sake narkewa ba.

Alamomin tankin da ke shan ruwan famfo sanannu ne. Ƙura mai ruwan ƙasa tana rufe yashi da gilashi, a goge da safe ta dawo da yamma. Wannan dayatom ne, wani ƙanƙanin nau'in gansakuka, kuma silikar ruwan famfo ce ke ciyar da shi. Bayansa koren gansakuka mai kama da gashi ya kama duwatsu. Abin baƙin cikin shi ne mai tankin yakan ƙara yawan canjin ruwa don ya magance, alhali da kowane canji yake ƙara musu abinci.

Na'urar RO da ta RO/DI

RO tacewa ce ta hanyar matsa ruwa ya ratsa wani siririn tantani da ke barin ruwa ya wuce ya tare yawancin abin da ya narke. DI kuma ƙwayoyin rezin ne, wato ƙananan ƙwayoyin roba, da ke kama ragowar da ta kuɓuce wa tantanin. Cikakkiyar na'ura tana da matakai huɗu a jere, kuma kowanne yana kare na bayansa.

Matatar laka, mai ƙofofin maikiron 1 zuwa 5, tana tare yashi da tsatsa don kada su toshe gawayi. Dunƙulen gawayi yana cire kulorin, kuma wannan aikin ba ƙarami ba ne, domin kulorin yana cin tantanin RO ɗin ya huda shi, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Mai kuloramin yana buƙatar gawayi na musamman da aka yi don shi, kuma gara biyu a jere, don kuloramin yana son ya daɗe yana taɓa gawayi kafin ya rabu. Tantanin kansa yana tare kashi 96 zuwa 99 cikin 100 idan yana da lafiya. Rezin kuma ya sauke lambar TDS zuwa sifili.

Lambar da aka rubuta a jikin tantani, kamar galan 75 a rana, wato kusan lita 284, an auna ta ne a zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas da matsin ruwa wajen 50 zuwa 60 a ma'aunin psi. A aikace da wuya a samu hakan. Kowane digiri ɗaya na sanyi yana rage fitar ruwa da kusan kashi 3 cikin 100, don haka a digiri 15 an rasa kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan matsin famfo bai kai psi 40 ba, ruwa zai riƙa ɗiga ne kawai, ingancin tacewar ma ya ragu, kuma maganin wannan shi ne ƙaramin injin ƙara matsi da zai kai shi 60 zuwa 80. Kada sanyi ya sa a haɗa na'urar da bututun ruwan zafi. Tantani yana lalacewa idan zafi ya haura digiri 45.

Babban aibin RO shi ne ruwan da take zubarwa. A tsarin da aka saba, lita 4 ke tafiya a kan kowace lita 1 mai kyau, kuma wata ƙaramar matsewa a tiyon fitar datti ce ke daidaita hakan. Dole girman matsewar ya dace da na tantanin. Idan ta yi faɗi, matsi ya zube. Idan ta yi ƙunci, ma'adinai su daskare a fuskar tantanin su toshe shi. Ruwan da aka zubar ba ƙazanta ba ne: ya riga ya bi ta gawayi, TDS ɗinsa kuma ya fi na famfo da kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai, don haka ya yi wanki da ban ruwan shuka. Bai kamata a bar shi ya bi kwata ba.

A wurin lissafin tantani ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. A auna TDS na famfo, a auna na bayan tantani kafin rezin, a cire na biyu daga na farko, a raba da na farko. Idan 300 ta shiga 6 ta fito, tantanin na tare kashi 98. Idan 15 ta fito, kashi 95 ne. A ido bambancin kaɗan ne, amma rezin zai ƙare da saurin ninki biyu da rabi. Wannan lissafin ne kuma ke nuna dalilin da ya sa DI ita kaɗai ba ta da riba: a ruwa mai 300, rezin zai ƙare da saurin ninki 50 a kan wanda ke bayan tantani mai fitar da 6. Sai dai in ruwan famfon yana da TDS ƙasa ƙwarai kuma buƙatar kaɗan ce.

Ko RO kaɗai ta isa ba tare da DI ba? Ga tankin kifi zalla, sau da yawa ta isa. Ga murjani ba na ba da wannan shawarar, domin abubuwan da suka fi ratsa tantani su ne ainihin waɗanda ake gudu: naitiret, silika da amoniyar da gawayi ya saki daga kuloramin.

Rezin da ya ƙare ya fi rashinsa haɗari. Idan ya cika, yakan fara sakin abin da bai riƙe da ƙarfi ba, wato silika da amoniya, kuma a dunƙule, har abin da ke fita ya iya fin wanda ke shiga. Silika ba ta cika bayyana a na'urar TDS ba, shi ya sa ba a jira lambar ta kai 3 ko 4. Da ta tashi daga 0 zuwa 1 a canza. Rezin mai canza launi yana taimakawa, yakan juya daga shuɗi zuwa ruwan ƙasa daga ƙasan kwalbar zuwa sama, kuma a canza shi tun da sauran shuɗi kaɗan. A cusa shi da kyau a kwalbar, don in ya yi sako-sako ruwa zai yi wa kansa hanya ta gefe ya wuce ba a tace shi ba.

Abubuwa biyu ke cinye rezin ba gaira ba dalili. Na farko, idan na'ura ta tsaya, gishiri yana ratsa tantani a hankali, sai ruwan farko ya fito da TDS mai yawa. A sa bawul kafin rezin a zubar da ruwan minti biyu zuwa biyar na farko har lambar ta sauka. Saboda wannan ne haɗa na'urar kai tsaye da bawul mai cike tanki da kansa yake da illa, tunda tana kunnuwa sau da yawa a rana na ɗan lokaci, kuma in bawul ɗin ya maƙale ruwa marar gishiri zai yi ta kwarara cikin tanki. Gara a tara lita 50 ko 100 a zama ɗaya. Na biyu, iskar kabon dayoksayid, wadda ta yi yawa a ruwan rijiya da na burtsatse. Tana ratsa tantani, na'urar TDS ba ta nuna ta sosai, amma tana cinye rezin. Maganinta a tara ruwan RO a ganga, a kaɗa shi da iska na kwana ɗaya, sannan a tura shi ta rezin.

Matatar laka da gawayi ana canza su kusan duk wata shida, ko da zarar matsi ya faɗi, ko gwaji ya nuna kulorin a tiyon fitar datti. Tantanin da aka kare da kyau yakan yi shekara biyu zuwa uku ko fiye. Wanda ke da na'urar RO ta ruwan sha a gida zai iya amfani da ita, amma ya ɗebi ruwan kafin matakin da ke mayar da ma'adinai don ɗanɗano, ya ƙara kwalbar rezin. Kuma duk abin da tataccen ruwa zai taɓa ya zama roba, domin ruwan da babu komai a cikinsa yana saurin narkar da jan ƙarfe da tagulla.

Ruwan saye

Ruwan da aka tace ta tururi yana da tsabta daidai da na RO/DI, muddin ba a sanyaya tururin a bututun jan ƙarfe ba, don haka a gwada jan ƙarfe a duk sabon iri. Yin sa a gida yana cin wuta, kusan kashi uku cikin huɗu na kilowat-awa a kowace lita. Ruwan RO/DI da masu sayar da kifi ke sayarwa yana da kyau gwargwadon yadda suke kula da matatunsu, kuma na'urar TDS ta aljihu ce za ta faɗi gaskiya kafin a biya. Ruwan sha na kwalba ba tatacce ba ne a wannan ma'anar, da yawansa ma da gangan aka bar masa ma'adinai. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ya bi ta kan ƙarfe da ƙura, ruwan sama kuma ya wanko rufin kwano, duka biyun a bar su. Ruwan teku na asali yana yin canjin ruwa idan an ɗebo shi nesa da gaɓa da bakin kogi aka kuma tace, amma ba a cike gurbin ƙafewa da shi, don gishiri zai yi ta hauhawa.

Wanne za a ɗauka

Yawan ruwan da ake buƙata da abin da ke cikin tankin su ne ke yanke hukunci. Tanki mai lita 40 da ake canza wa kashi 10 cikin 100 a mako yana cin lita 4, ƙafewa kuma ta ci wasu uku ko huɗu. Lita 8 a mako ba ta kai a sayi na'ura ba, ruwan saye ya wadatar, kuma tantanin da ke yini da kwanaki ba ya aiki ma lalacewa yake yi. Tanki mai lita 400 kuwa zai iya cin lita 70 a mako, fiye da 3,600 a shekara, kuma ɗaukar jarkoki kaɗai ya isa ya sa mutum ya fara tsallake canjin ruwa. Nan na'ura ce amsa.

Tankin kifi zalla, babu murjani, babu jatan lande, zai iya rayuwa da ruwan famfo da magani idan gwaji ya nuna TDS ƙasa, babu jan ƙarfe, fosfet da naitiret kuma kaɗan ne. Ko a nan ma, a riƙa cike gurbin ƙafewa da tataccen ruwa, tunda ta nan taruwar ta fi yawa. Haka tankin keɓe sabon kifi, da ranar gaggawa da tanki ya tsage ko guba ta shiga: ruwan famfo mai magani ya fi barin kifi a cikin gurɓataccen ruwa, don haka kwalbar maganin ta zauna a kusa ko da akwai na'ura.

Tankin murjani, ko wanda ake da niyyar sa wa murjani nan gaba, ruwan RO/DI mai TDS sifili ake so tun daga cikawar farko. Dabarar a fara da ruwan famfo a gyara daga baya tana da tsada, domin duwatsu da yashin tankin teku kalsiyam kabonet ne, suna shan fosfet da jan ƙarfe su riƙe, daga baya su yi ta sakinsu a hankali.

Wajen haɗawa, a tara ruwan a gangar roba mai murfi irin ta abinci, mai alamar HDPE da lamba 2, wadda ba ta taɓa ɗaukar sabulu ko mai ba. A cika ruwa tukuna, a kunna ƙaramin injin juyawa, sannan a riƙa zuba gishiri kaɗan-kaɗan. In aka zuba ruwa a kan tarin gishiri, kalsiyam zai faɗo. Giram 38 zuwa 40 na garin gishiri a lita yakan ba da gishiri kashi 35 cikin 1,000, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, amma a tabbatar da rifiraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, wadda aka daidaita da ruwan gwaji mai 35, a kuma kai zafin ruwan daidai da na tanki.

Wanda tankinsa ya daɗe a kan ruwan famfo kuma yake son komawa RO/DI, kada ya canza ruwan gaba ɗaya. Ya fara da cike gurbin ƙafewa, sannan canjin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a mako. Ya riƙa auna alkaliniti sau biyu a mako, domin mai yiwuwa ruwan famfo ne ke ciyar da ita a ɓoye, kuma za ta fara sauka da zarar an daina. Fosfet zai iya yin watanni yana fitowa daga duwatsu, gansakuka ma ba zai ɓace nan take ba. Ƙwayoyin tsatsar ƙarfe masu shan fosfet, waɗanda ake kira GFO, suna gaggauta aikin, amma a fara da rabin ma'aunin da aka rubuta, a wanke su da tataccen ruwa kafin a sa, don saukar fosfet farat ɗaya tana sa murjani ya koɗe.